Mota mai mil 238,000: yadda nake gane wadda za a saya da wadda za a bari

Ƙanina ne ya kira ni bayan sallar isha'i, muryarsa kamar ta wanda ya tsinci dami a kala. "Yaya, na samu Corolla 2006 a Zariya, ta wani dattijo ce da ya yi ritaya daga koyarwa, shekara tara tana hannunsa. Sai dai akwai matsala, mitarta ta nuna 238,000." Na ce mil ne ko kilomita? Ya yi shiru, ya ce bai duba ba. Motar daga Amurka aka shigo da ita, mil take ƙirgawa, kuma mil ɗaya ya ɗara kilomita ɗaya da rabi, wato 1.6. Na buga masa lissafi, kusan kilomita 383,000 ke nan. Ya ce, "To ai ta mutu." Na ce ya bari sai Asabar mu je mu gani da idonmu.

Abin da ya hana ni tsorata da wannan lamba shi ne na taɓa sayen ƙaramar lamba na sha wuya. Shekarun baya na sayi wata baƙar mota a hannun dillali, mitarta 86,000, tana ƙyalli kamar amarya. Ba mu yi wata huɗu tare ba na fara yawo da galan ɗin baƙin mai a but. Daga baya wani abokina ya bincika lambar shasinta ta intanet, sai ga shi ranar da aka yi gwanjonta a Amurka ta riga ta haye 190,000. An mayar da mitar baya ne tsakanin jirgin ruwa da filin dillalai. Tun daga ranar na daina ɗaukar mita a matsayin babbar shaida.

Yi lissafin da kanka. Direban Amurka yakan ci wajen mil 12,000 a shekara. Motar da ta shekara 18 ke nan ya kamata ta kai 216,000 ko kusa da haka. Idan aka nuna maka mota mai waɗannan shekaru mitarta na cewa 80,000, ko dai wata tsohuwa ce ke zuwa cefane da ita, ko kuma an taɓa mitar, na biyun kuwa ya fi yawa a kasuwarmu. Babbar lamba aƙalla ba ta yi maka ƙarya ba, babu dillalin da zai biya kuɗi a ƙara wa mota mil. Wani abin dariya ma, Corolla ta 2003 zuwa 2008 mitarta takan tsaya cak a 299,999, motar ta ci gaba da tafiyarta mitar na nan a sandare. In ka ga wannan lambar a kan irinta, ka san ta wuce nan, Allah kaɗai ya san da nawa.

Sannan mil ba iri ɗaya ba ne. Motar da ke tashi daga Zariya zuwa Kaduna takan ci kusan kilomita 80 cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, inji a daidai zafinsa, giya ta hau ta zauna. Wadda ke yawo a cunkoson cikin Kano sai ta yi awa huɗu ko biyar kafin ta haɗa kilomita 80 ɗin nan, ana taka birki ana saki, giya na hawa tana sauka, inji na aiki mota na tsaye. Mita za ta rubuta musu lamba ɗaya, amma wahalar da suka sha ba ɗaya ba ce. Shi ya sa tambayata ta farko ga mai mota ita ce ina yake zuwa da ita.

Fara da mai motar

Kowane mai sayarwa zai ce maka an kula da ita sosai. Maganar baki ce, ka nemi abin da za ka riƙe a hannu. Da muka isa gidan dattijon, bayan gaisuwa da ruwan sanyi, na ce, "Baba, wa yake yi mata juye?" Bai amsa ba, sai ya buɗe durowar gaban motar ya miƙo min wani ƙaramin littafi mai jan bango. Kowane juye yana ciki, da kwanan wata da lambar mita da irin man da aka zuba. Ranar da ya canza famfon ruwa tana ciki, ranar da ya sayi batir tana ciki. Ya saye ta tana da 151,000, sauran shi ya ɗora mata a hanyar Kaduna da Kano. Na ƙyafta wa ƙanina ido.

Ba kowa ke da littafi ba, na sani. In babu, nemi lambar bakanikensa ka je garejin da ƙafarka. Bakaniken da ya shekara biyar yana riƙe da mota ya san ta fiye da mai ita, kuma in ka zauna da shi kuka yi hira a hankali zai faɗa maka ko ta taɓa tafasa, ko an taɓa sauke injin, ko an buɗe giya. Tambayi mai motar wane baƙin mai yake zubawa. Wanda ya kula da motarsa zai faɗa maka nan take. Wanda ya ce "duk wanda yaron gareji ya kawo" ya riga ya ba ka amsa.

Idan kuma sabuwar shigowa ce, irin wadda muke kira Tokumbo ko 'yar Kwatano, babu mai ita da za ka tambaya, sai lambar shasi. Haruffa da lambobi ne guda 17, suna ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, suna kuma jikin ƙofarsa. Da su ake ciro tarihin motar Amurka ko Kanada a Carfax ko AutoCheck: mil nawa aka rubuta mata a wace shekara, ta yi hatsari ko ambaliya ta taɓa ci ta, kamfanin inshora ya taɓa yafe ta ko a'a. Sau da yawa in ka rubuta lambar a Google ma kawai sai hotunan ranar gwanjonta su fito, ka ga gabanta a ragargaje. 

Je da sassafe, inji a sanyaye

Wannan shi ne sharaɗin da ba na sassautawa. Ka ce wa mai mota kada ya tayar da ita kafin ka zo, in ka iso ka ɗora hannu a kan injin ka ji. In da ɗumi, ka yi sallama ka dawo gobe. Injin da ya gaji da safe yake tona kansa, in ya ɗauki zafi sai ya rufe bakinsa.

Kafin a murɗa makulli, buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka haska ciki da fitilar waya. Ƙarfe mai launin ruwan zuma alama ce ta juye a kan lokaci. Baƙin daskararren abu kamar kwalta alama ce ta mai da ya daɗe ba a canza ba, kuma babu wankin da zai ɓoye wannan. In ka ga wani fari-fari mai kauri kamar kunun gyaɗa a murfin ko a gejin mai, ruwa na haɗuwa da mai, sau da yawa gaskit ne ya tafi, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, mai raba ruwa da mai. Buɗe murfin lagireto, tunda a sanyaye yake (kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi, na ga wanda ruwan ya sale wa hannu). Ruwan sanyaya inji na gaske mai launi ne, ja ko kore. Ruwa mai tsatsa kamar na kududdufi yana nufin shekara da shekaru ana ɗura mata ruwan famfo.

Yanzu a murɗa makulli ba tare da an tayar ba. Duk fitilun dashbod su kama, har da mai hoton inji da ta jakar iska, sannan su mutu bayan an tayar. Fitilar da ba ta kama ba tun farko an cire ƙwanta ne ko an rufe ta, domin ta daina tona asiri. A tayar, kai kuma ka tsaya a bayan motar kana kallon salansa. Ɗan farin tururi da safe, musamman lokacin hunturu, ba komai ba ne, yana ɓacewa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, ringi ko robobin bawul sun gaji. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, shi ya fi sauƙin magani. Leƙa bakin lagireto inji na aiki, in kumfa na tasowa ba fasawa, ka rufe bonet ka yi godiya ka tafi.

Akwai wani aiki da bakanikenmu da yawa ke yi wanda nake dubawa musamman: su cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, su jona fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. In ka ji fanka ta tashi tare da inji tun da sanyin safiya, an yi wannan aikin. Injin ba zai riƙa kaiwa zafin da aka tsara masa ba, zai sha fetur, zai kuma ci kansa a hankali. Abin da ya fi damuna shi ne dalilin da ya sa aka yi, domin yawanci sai mota ta fara tafasa ake kai ta ga wannan dabara.

Giya ita ce mai cin kuɗi

A tsohuwar mota mai sarrafa giya da kanta, giyar nake tsoro fiye da injin. Zaro gejin man giya in tana da shi, ka ɗiga a farar takarda. Ja ko ja mai ɗan duhu lafiya. Baƙi mai warin ƙuna ba lafiya ba. Taka birki ka sa ta a D, ka ƙirga. Ya kamata ta kama cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, a hankali. Haka a R. In ta yi jinkiri sannan ta fizge ka, ka rubuta wannan a ranka.

Kada ka yarda da zagayen unguwa na minti biyar. Ka zuba mata fetur da kuɗinka ka tuƙa ta rabin awa ko fiye, esi a kunne, ka hau babban titi ka taka totur sosai, ka shiga cunkoso ka tsaya. Giyar da ta kusa mutuwa takan yi lafiya da sanyi, sai ta ɗau zafi ta fara sulɓewa, inji na ihu mota ba ta ja. Idonka kuma na kan allurar zafi, ta hau tsakiya ta tsaya a nan. Mu mun bi hanyar Samaru muka wuce har gaban Shika muka juyo, allurar ba ta motsa ba.

Bayan an dawo sai a jona mata kwamfuta. Motocin Amurka tun daga 1996 duk suna da soket ɗin a ƙarƙashin sitiyari. Kada ka tsaya a kan "babu matsala" da allon zai nuna. Ka ce mai na'urar ya duba ko ƙwaƙwalwar motar ta kammala gwaje-gwajenta. In ta nuna yawancinsu ba su kammala ba, an goge laifuffukan ne kwanan nan ko an cire batir, kuma nan da kwana biyu fitilar za ta dawo a hannunka. A duba ma ko indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, na nan, domin ana yawan fasa shi a sayar a mayar da fanko.

Sai a hau rami. Digon mai kaɗan a tsohon inji ba abin tayar da hankali ba ne. Abin da nake nema shi ne tsatsa da walda. Motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka sun sha gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, wasu ƙasansu kamar wainar da ta ƙone, ka danna da sukudireba ya shige. Inji ana sauya shi, giya ana sauya ta, ruɓaɓɓen shasi kuwa ba shi da magani. Ta ambaliya kuma, ɗaga kafet ka nemi yashi, duba ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin ruwa. Irinta wayoyinta ne za su riƙa haukacewa ɗaya bayan ɗaya har ka san sunan kowane rewaya a garin.

San irin motar da ke gabanka

Mil 238,000 a kan Corolla daban, a kan wata motar daban. Injin wannan Corolla mai lita 1.8 sarƙa ce ke riƙe da taiminsa, wato daidaita motsin fistin da bawul, ba a canza ta sai ta fara ƙara. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD da DC, mai silinda huɗu ita ma sarƙa ce, amma mai silinda shida bel ne, ana canza shi wajen kowane mil 105,000, in kuwa ya tsinke ana tafiya fistin da bawul ne za su yi karo. Peugeot 406 ma bel ne. Duk motar da ke da bel, in mai ita ba zai iya nuna maka ranar da aka canza ba, ka ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗin daga farashi. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai lita 2.4, wadda ake ce wa Muscle, sananniya ce da shan baƙin mai, a kanta sai ka ninka binciken hayaƙi. Masu Honda kuma sun san a hanyoyinmu ba a wasa da boljoyin ɗin gaba, sau nawa ka ga taya ta kwanta a tsakiyar titi?

Ni ina da gwaji ɗaya mai sauƙi. Kafin ka biya, shiga Ƙofar Ruwa in a Kano kake, ko Panteka in a Kaduna, ko Ladipo in a Legas, ka tambayi kuɗin inji da giya na wannan motar, waɗanda aka taɓa amfani da su. In shago uku na farko duk suna da su, kuma kuɗin ba zai sa ka sayar da fili ba, yawan mil ba abin tsoro ba ne. In aka ce maka sai an yi oda, ka yi tunani sau biyu. Nan ne tsofaffin manyan motocin Jamus ke kayar da mutane: farashinsu ya sauko daidai aljihun ma'aikaci, kuɗin gyaransu yana nan a na attajiri.

Takardu ba sai na ja magana ba. Lambar shasin da ke jikin mota ta yi daidai da ta takardar kwastan da ta rajista, harafi da harafi, ka kuma tabbatar da takardar kwastan ɗin a ofishinsu. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, saboda haka 'yar Kwatano mai takarda mai rauni tana iya zama ta gwamnati a shingen farko. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a sauya sunan mallaka.

Kuɗin da za ka bari a aljihu

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mota mai shekara goma sha tara, ko da waliyyi ne ya riƙe ta, robobinta sun tsufa: bushin, tiyon ruwa, robobin da inji ke zaune a kai, shoka, boris. Ba tare za su mutu ba, amma za su mutu. Ƙa'idata ita ce kada kuɗin mota ya wuce kashi huɗu cikin biyar na abin da ke hannunka, kashi ɗayan na gareji ne a watanni shida na farko. Wanda zai kwashe komai har da na cefane ya sayi irin wannan mota, ni ba na ba shi shawara, domin ranar da famfon mai ya tsaya sai ta zama kwalliyar ƙofar gida. Haka wanda ba shi da amintaccen bakanike, da wanda ransa ba ya jure zaman gareji. Ka kuma lissafa fetur, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 bambancin silinda huɗu da shida ya zama abin da ake ji a jika kowane mako.

Abubuwa huɗu ne ke sa in juya ko da an rage rabin kuɗi: alamar gaskit ko tarihin tafasa, giya mai sulɓewa, tsatsar shasi ko ambaliya, da takardun da ba su daidaita ba. Sauran duk na ciniki ne.

Motar dattijon ba ta da ko ɗaya cikin huɗun. Abin da muka samu: mai na tsatsafowa ta murfin saman inji, shoka biyu na baya sun saki, esi na sanyi amma ba can ba, sai tayoyi. Ƙanina ya ce ai tayoyin da sauran zane. Na nuna masa lambobi huɗu da ke gefen tayar, 1417, wato mako na 14 na shekarar 2017. Zane na nan, robar ta bushe ta fara tsagewa, irinta ce ke fashewa a hanyar Kaduna da rana tsaka. Muka rubuta komai a takarda da kuɗin kowanne, na ce, "Baba, ga abin da yaronka zai kashe kafin ya hau ta da iyali." Ya sa tabarau ya karanta, ya ce tayoyin ya yarda, esi kuwa shi bai taɓa kunnawa ba sai in ya ɗauko baƙo. Ya rage kuɗin taya huɗu da shoka, muka ce Allah ya sa albarka.

Washegari aka yi mata juye da sabuwar filta, aka canza ruwan lagireto da man birki. Man giya na ce a zubar da wanda ya fito da kansa a cika da irin wanda aka rubuta a jikin gejin, kada a wanke ta da injin matsi, domin tsohuwar giya ba ta son a tayar mata da datti. Dattijon ya haɗa wa ƙanina da jan littafin, akwai sauran shafi goma sha biyu da ba a rubuta komai ba. Layin farko da ya rubuta da hannunsa shi ne 238,412.